Na Hana Yara, Gara Ta Cinye

Shekara goma sha tara ke nan ina koyarwa a makarantar firamare ta ikkilisiyarmu. Duk wanda ya zauna da ni ya san halina guda ɗaya, watau ba na yar da kome. In aka aiko mini da wasiƙa, sai in karanta, in ajiye ambulan. In kalanda ta ƙare, sai in naɗe ta in cusa a bayan kabad. Guntun alli, igiyar buhu, murfin biro, kwalin sabulu, duka suna da wurin zama a ɗakina. Matata takan ce, "Malam, wata rana kayan nan za su kore mu daga gidan nan." Ni kuwa amsata ɗaya ce kullum, "Ajiya maganin wata rana." Da wannan karin magana aka rene ni, ban kuwa taɓa tsayawa na tambayi kaina wace rana ce ake nufi ba. Labarin yadda na zo ga wannan tambaya nake so in ba ku, ya ku masu karatu, ko da yake akwai abin kunya a cikinsa.

A shekara ta 2014 waɗansu tsofaffin 'yan makarantarmu da suke aiki a birni suka haɗa kuɗi suka aiko mana da wani babban kwali cike da kayan zane. Akwai takardu masu launi iri-iri, da fensir na kala, da kala irin mai kama da kyandir, da fenti na ruwa a ƙananan faranta, da buroshi, da kwalaben gam, da ƙananan almakasai na yara. Tun da na fara aiki ban taɓa ganin irin kayan nan a makarantarmu ba. Hedimasta ya duba dukan malamai, ya ce ba wanda ya iya adana kamar ni, saboda haka ya sa kwalin a kabad na ofis, ya miƙa mini mabuɗi. Na karɓa ina jin kaina kamar wanda aka ba ma'ajin gari.

Yaran ajina sun ga lokacin da aka sauke kwalin. Kashegari suka fara roƙo. "Malam, yaushe za mu yi kala?" Na ce sai sun iya riƙe fensir sosai. Da suka dame ni, na ce sai bayan jarrabawa. Bayan jarrabawa na ce sai ranar da baƙi za su zo. A zuciyata kuwa ga abin da nake cewa: yaran nan za su ɓata takardun a kwana biyu, su karya kalar, su zubar da gam, ba kuwa wanda zai sāke aiko mana da wani. Gwamma in jira aji mai hankali. Aji ya wuce, wani ya zo, ni dai ina jiran mai hankali. Yara suka ci gaba da zane da fensir a bayan littattafansu, waɗansu kuma da tsinke a ƙasa lokacin tara.

Wannan ajiya ta makaranta ke nan. Akwai kuma ta gida, ita ce ta fi taɓa zuciyata.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tela ce. Da ɗan keken ɗinkinta na hannu ta biya mana kuɗin makaranta mu biyar. Ta rasu cikin hunturun 2020. Da aka yi rabon kayanta, 'yan'uwana mata suka ɗauki zannuwa da kwanuka, ƙanena ya ɗauki keken. Ni na ce a bar mini wata tsohuwar adaka ta ƙarfe da take ajiyewa ƙarƙashin gado. Ba wani abu mai kuɗi a ciki. Guntayen atamfa ne da shadda da leshi da suka ragu daga ɗinki na shekara da shekaru, da maɓallai cike da gwangwanin madara, da zare kala-kala, da waɗansu tsofaffin wasiƙu masu kan sarki. Na kawo adakar gida, na sa mata kwaɗo, na tura ta ƙarƙashin nawa gadon, na gargaɗi yara kada kowa ya kuskura ya taɓa.

Wata Asabar a shekara ta 2022 na komo daga gona, na tarar da 'yar autata, mai shekara tara a lokacin, zaune a ƙofar ɗaki da almakashin uwarta. Adaka tana buɗe. Ta yanki wani ƙyalle kore mai zanen tsuntsaye, ta liƙa shi da ragowar koko a shafin ƙarshe na littafin lissafinta, ta zana masa kai da hannuwa da fensir. Ban tsaya na duba abin da ta zana ba. Idona a kan adakar yake. Na daka mata tsawa irin wadda ban taɓa yi mata ba, na fizge littafin, na yage shafin. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai, ta tashi ta shige ɗakin uwarta. Ran nan ba ta ci tuwon dare ba.

Da dare, bayan yara sun kwanta, matata ta zo ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Malam, ka san abin da yarinyar nan ta faɗa mini? Ta ce fuskar Kaka tana ɓace mata. In ta rufe ido ba ta ganin fuskar kuma, sai dai koren zanen nan da Kaka take ɗaurawa sa'ad da take soya musu gyaɗa. Shi ya sa ta so ta ajiye shi inda za ta riƙa gani." Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce, "Kai kuma, yaushe rabonka da buɗe adakar nan?" Ban amsa ba, gama amsar ita ce tun ranar da na sa mata kwaɗo, shekara biyu ke nan.

Ya kamata da gari ya waye in kira yarinyar in ba ta haƙuri. Ban yi ba. Girman kai na uba ya hana ni. Na saya mata sabon littafin lissafi, ina tsammani wannan ya isa. Ta karɓa ta ce, "Na gode, Baba," amma ta daina kawo mini zanenta in gani kamar dā.

Ba a yi wata guda ba sai damina ta kankama, rufin ofishin makaranta ya fara yoyo daidai kan kabad ɗin nan. Dole a ja shi gefe, dole kuma a sauke kayan ciki kafin a iya ja. Na nemo mabuɗi, na buɗe a gaban malamai. Da na taɓa kwalin, sai gindinsa ya zube kamar gari. Ashe gara ta biyo bango ta shiga ta bayan kabad, ta yi gida a ciki. Takardu masu launi, rabinsu sun zama ƙasa. Gam ya daskare a kwalabe kamar dutse. Kalar nan mai kama da kyandir ta narke da zafin bazara takwas, ta manne wuri ɗaya. Ba wanda ya ce mini uffan, shirun kuwa ya fi faɗa zafi. Na tuna wani yaro da ya fi kowa roƙona a aji na fari, wanda yake zana manyan motoci a ƙasa har da lambobinsu. Kwanan baya kaɗan na gamu da shi a kasuwa, ya zama saurayi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce da dariya, "Malam, har yanzu kalar nan tana nan?" Tana nan, amma shi ya wuce, ita kuma ta lalace. Na hana yara, gara ta cinye.

Ina shirin kwashe tarkacen in kai bola, sai wata budurwa 'yar hidimar ƙasa da aka turo mana a wannan shekara ta tare ni. Ta karanta fasahar zane a jami'a a Zariya. Ta ce, "Baba, don Allah kada a zubar." Ta tsuguna tana tsince takardun da suka ragu. Ta ɗaga wata shuɗiya wadda gara ta yi wa hanyoyi, ta haska ta a taga, ta ce, "Dubi, kamar taswirar koguna. Ko da almakashi ba zan iya yin wannan ba." Na yi tsammani ba'a take yi mini. Amma kashegari ta zo da wani littafi nata, ya kumbura har ba ya rufuwa sai an ɗaure shi da tsumma. Na buɗe. A wani shafi tikitin mota ne da ta shigo garinmu, kewaye da jan fenti da 'yan kalmomi. A wani, busasshen ganyen darbejiya ne da aka ɗinka da zare. A wani, guntun jarida ne aka shafe da farin fenti aka yi rubutu a kai. Ta ce littafin tunawa ne, kamar yadda waɗansu suke rubuta abin da ya same su kowace rana, sai dai a nan ana haɗa rubutu da zane da liƙi da ɗinki, da kowane abin da hannu ya kai gare shi. Ba na jarrabawa ba ne, ba na sayarwa ba, ba kuwa mai sa masa maki.

Na ce mata, "Malama, ai wannan wasan yara ne." Ta ce, "I, Baba, wasa ne. Amma manya ma sun yi shi." Sa'an nan ta nuna mini hotuna a wayarta, ta ba ni labarai waɗanda daga baya na bi na karanta da kaina.

A ƙasar Faransa, cikin shekara ta 1912, wani mai zane, Georges Braque, ya ga irin takardar da Turawa suke liƙawa a bangon ɗaki, mai zane kamar katako, a wani kanti a garin Avignon. Ya saya, ya yanka, ya liƙa a kan zanen da ya yi da gawayi. A wannan shekara kuma abokinsa Pablo Picasso ya liƙa wani ƙyalle mai santsi, wanda aka buga wa hoton saƙar kujera, a cikin zanensa, ya kewaye shi da igiya. Daga nan ne masu fasaha na Turai suka fara ɗaukar liƙe-liƙe da daraja. Wani kuma, Henri Matisse, aka yi masa babban aiki a ciki a 1941, tsayuwa gaban allon zane ta zama masa da wuya. Bai bar aiki ba. Masu taimakonsa suka riƙa shafa wa takardu fenti, shi kuwa yana zaune yana yanka su da almakashi, ana kafa su a bango yadda ya ce. Haka ya yi ta yi har kusan rasuwarsa a 1954, yana da shekara 84.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na kusa da mu. El Anatsui mutumin Gana ne, an haife shi a 1944, ya zo koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, ya yi shekara fiye da talatin yana koyarwa a can. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhun marafan kwalaben barasa da aka yar. Ya fara buɗe su, yana daddaƙe su, yana huda su, yana haɗa su da siririyar wayar jan ƙarfe, har suka zama kamar manyan zannuwa masu walƙiya da ake ratayawa a bango. A 2015 aka ba shi lambar girma ta Zakin Zinariya a birnin Venice na Italiya saboda aikin rayuwarsa. Abin da wani ya zubar, shi ya mai da shi abin da ake zuwa kallo daga ƙasashe.

Ta kuma ba ni labarin wani saurayi, Dan Eldon, wanda aka haifa a Landan a 1970, ya girma a Nairobi ta Kenya. Mai ɗaukar hoto ne na kamfanin labarai, aka kashe shi a Mogadishu ta Somaliya a watan Yuli na 1993, yana da shekara 22 kaɗai. Ya bar littattafai 17 irin wannan, cike da hotuna da zane da guntayen takardu da abubuwan da ya tsinta a tafiye-tafiyensa. Na yi tunani, da saurayin nan ya ce sai ya yi ritaya ya sami lokaci, da iyayensa ba su sami ko shafi ɗaya ba. Na kuma tuna cewa Inna kanta ba ta ajiye guntayen nan domin a kulle su ba. Bargon da muka rufa da shi muna yara, da irin ƙyallayen nan ta haɗa shi. Ita tana tarawa ne domin ta ɗinka. Ni ne na mai da kayan aikinta abin tsoro.

Malamar ta ba ni wata tsohuwar rajista da aka daina amfani da ita, ta ce in gwada. Na zauna da ita a aji bayan an tashi, na yi kusan rabin sa'a ina kallon shafin fari, hannuna ya ƙi motsi. Mu da aka koya wa jan layi da rula, tsoron kuskure ya zauna mana a ƙashi. Na ce mata, "Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi." Ta yi dariya, ta ce wannan ga mai rawa a dandali ne, ba ga mai rawa a ɗakinsa ba. Ta ɗauki ragowar shayin da yake kofina, ta kwarara a kan shafin. Ta ce, "To, Baba, ya riga ya ɓaci. Yanzu sai ka yi abin da ka ga dama." Na dubi tabon shayin, na ga ya yi kama da dutsen bayan garinmu. Na ɗauki biro na ƙara masa itace biyu. Rabona da yin zane domin jin daɗi kawai tun ina firamare.

Da yamma na komo gida, na jawo adaka tsakar gida, na buɗe kwaɗon, na kira 'yar autata. Ta zo ta tsaya daga nesa. Na ce, "Zo ki zauna, uwata." Haka nake kiranta in muna shiri, gama sunan Inna aka sa mata. Na ce mata na yi kuskure, kayan Kaka nata ne kamar yadda suke nawa, ta yi mini gafara. Ba abu mai sauƙi ba ne uba ya faɗi haka ga 'yar shekara tara, amma bai kashe ni ba. Sa'an nan na sa hannu a aljihu na fito da shafin nan da na yage. A nan halina na ƙin yar da kaya ya yi rana, gama ran da na yage shi ban jefar ba, na ninke na sa cikin wani littafi. Sai a ran nan ne na dube shi sosai. Mace ce zaune, ga kasko a gabanta, ga ƙananan ɗigo-ɗigo na gyaɗa. Muka liƙa shi a cikin rajistar tare. Wurin da ya yage, ita ta ɗinke shi da jan zaren Inna, ɗinkin a karkace, har yau yana nan a bayyane. Ban so a ɓoye shi ba.

Tun daga nan, yammacin Lahadi bayan an ci abinci, mukan shimfiɗa tabarma mu fito da littafin. Yanzu muna kan na huɗu. Bari in faɗa muku abin da muka koya, ko wani gida zai so ya gwada, gama ba ya bukatar kuɗi.

Littafi kowane iri ya isa, tsohon littafin makaranta ko rajista. In takardarsa ba ta da kauri, a liƙa shafi biyu ko uku su zama ɗaya, domin kada ruwa ya huda. Wajen gam, mun gwada iri uku. Koko yana liƙewa, amma kyankyasai suna sonsa, sun cinye mana shafi guda. Sitacin rogo ya fi, a dama shi da ruwan sanyi a dafa har ya yi yauƙi, sai dai a yi kaɗan-kaɗan, gama bayan kwana biyu ko uku yakan yi tsami. Wanda ya fi duka shi ne ƙaro, wanda ake sayarwa a kasuwa. A jiƙa shi da ruwan ɗumi ya kwana, a tace da tsumma. Malamar ta gaya mini cewa ƙaron nan shi ne abin da yake riƙe launi a cikin fenti na ruwa da ake sayowa daga Turai, shi ne kuma ake sawa a tawada ta gargajiya. Saboda haka in ka niƙa gawayi ko jar ƙasa lukui ka gauraya da ruwan ƙaro, ka sami fenti ke nan.

Launuka kuwa suna nan a madafa. Zoɓorodo yana ba da ja. In aka ɗiga masa ruwan kanwa, sai ya juya ya yi duhu, ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore, abin da yara ba sa gajiya da kallo. Gangamau, wanda waɗansu suke kira kurkum, yana ba da rawaya. Shayi da goro suna ba da ruwan ƙasa. Bulan wanki yana ba da shuɗi. Amma ku sani launin zoɓorodo da na gangamau suna koɗewa in haske ya daɗe a kansu, don haka a riƙa rufe littafin. Buroshi, mukan yi da gashin kaza ko da tsinken asawaki da aka tauna bakinsa. In aka yanka kuɓewa a tsakiya aka tsoma a fenti aka danna, sai ga fure. In aka yi rubutu da farin kyandir aka bi da ruwan launi a kai, rubutun yakan fito fes, gama kakin ba ya shan ruwa. Kalar nan da ta narke a kabad ma ba ta tafi banza ba, mun fasa ta gunduwa-gunduwa, kowane gunduwa yana ba da launi uku a ja ɗaya. Bayan an gama shafi, a bar shi ya bushe, a sa leda a tsakani, a danne da abu mai nauyi ya kwana.

Doka biyu kaɗai muke da su. Ta fari, ba mai cewa shafin wani bai yi kyau ba. Ta biyu, kowane shafi a rubuta masa kwanan wata da ko layi biyu na abin da ya sa aka yi shi.

Ba zan ce muku duk shafuffukanmu suna da kyau ba. Da yawa cikinsu kamar kaji sun yi dambe a kai. Amma abin da ban zata ba shi ne yadda ƙyalle yake jawo magana. Matata za ta ɗaga guntun leshi ta ce, "Wannan ai na rigar aurena ne, Inna ta kwana uku tana ɗinkinta da fitila." Sai yara su ce a ba su labari. Babban ɗana, wanda da fari ya ce wannan aikin mata ne, shi ne ya tsinci maɓallin rigar makarantata ta sakandare, ya sa na ba shi labarin shekarar da aka kore ni gida saboda kuɗin makaranta, da yadda Inna ta sayar da akuyarta. Ban taɓa gaya masa ba. Ni kaina akwai wani tikitin mota da ya yi shekara biyu a walat ɗina, na ranar da na kai Inna asibiti tafiya ta ƙarshe. Wata Lahadi na liƙa shi, na shafa shuɗi kewaye da shi, na rubuta abin da ta faɗa mini a hanya. Na yi hawayen da ban yi ba ranar jana'iza, yarana kuwa suna gani, ba su kuma raina ni saboda haka ba.

Kada wani ya ji wannan ya ce malam ya ce a kama kome a yanka. A'a. Wasiƙu biyu da Inna ta rubuta da hannunta, da takardar aurenta, ba mu taɓa su da almakashi ba, mun yi musu aljihu a bangon littafin aka sa su ciki yadda suke. Kuma dole a tambayi mai abu kafin a yanka, gama an taɓa yin rigima a gidana a kan wani ɗankwali da ba a gama yayinsa ba. Ajiya kanta ba laifi ba ce. Da Inna ba ta tara ba, da ba mu sami abin liƙawa ba. Kuskurena shi ne na yi ajiya wadda ba ta da ranar fitarwa, na kuma fi jin tausayin takarda da na yaron da yake roƙonta.

A makaranta ma abin ya canza. Hedimasta ya ba ni darasin ƙarshe na ranar Jumma'a. Kowane yaro yana da tsohon littafinsa, kowa kuma yana kawo abin da ya tsinta a mako, fatar alewa, gashin zabo, guntun buhu, ɓawon gyaɗa. Waɗansu iyaye sun yi gunaguni, sun ce ana ɓata rigunan makaranta da abin da ba ya fitowa a jarrabawa. Maganar riguna gaskiya ce, saboda haka muka ce kowa ya zo da tsohuwar riga ya ɗora. Maganar jarrabawa kuwa, na nuna musu layi biyun nan da kowane yaro yake rubutawa a ƙarƙashin aikinsa. Akwai yaran da in na ce su rubuta insha'i sai su zauna suna tauna biro, amma in a kan gashin zabon da suka tsinta ne, sai su cika rabin shafi su nemi ƙari. Malamar ta gama hidimarta ta tafi, ta bar mana littafinta guda. Mabuɗin kabad yanzu yana rataye a ƙusa inda kowane malami zai iya ɗauka. Ragowar fensir na kala da gara ta bari sun ƙare cikin wata biyar, kamar yadda na ji tsoro tun fari. Da suka ƙare ban ji zafi ba ko kaɗan, gama na san inda kowannensu ya tafi.

Na tabbata a gidaje da yawa da wannan jarida take shiga akwai irin adakata. Wataƙila akwati ne na guntayen yadi, ko katunan gaisuwa na shekarun baya, ko fensir na kala da aka saya wa yaro aka ce sai ya girma. Ina roƙonku, cikin makon nan ku jawo shi, ku buɗe, ku kira yara. In kun ji tsoron shafin fari, ku zuba masa shayi.

Adakar Inna yanzu ta yi rabi. Koren ƙyallen nan mai tsuntsaye saura kamar tafin hannu. Ran nan na miƙa hannu zan yanka, sai 'yar autata ta riƙe ni ta ce, "Baba, wannan a ajiye." Na dube ta, na ce, "Sai yaushe, uwata?" Ta ce sai Kirsimati, sa'ad da 'yar ƙanena za ta zo hutu, gama ita ba ta taɓa ganin Kaka ba, tana so su yi shafi guda tare ta ba ta labarin gyaɗar. Na ce to. Muka ninke shi, muka sa a ambulan, ta rubuta ranar a bayansa da hannunta.